Bindiga a Ƙugu, Ankwa a Hannu: Shari'ar Northrup da 'Yan Sandan Toledo

Wata rana da yamma a tsakiyar shekarar 2010, wani magidanci mai suna Shawn Northrup ya fita miƙe ƙafa a unguwarsu da ke birnin Toledo, jihar Ohio ta Amurka. Yana tare da matarsa da 'yarsa da jikansa, igiyar karensu na hannunsa. A ƙugunsa akwai abubuwa biyu dab da juna: wayar salula cikin 'yar jakarta, da baƙar ƙaramar bindiga cikin kubenta, a fili, ko riga bai ja a kanta ba.

Wani mai babur ya zo wucewa, idonsa ya faɗa kan bindigar, sai ya taka birki ya ɗaga murya cewa ba a yawo da bindiga haka. Matar Northrup ta mayar masa da cewa dokar Ohio ta yarda. Aka yi cacar baki har da zage-zage, iyalin suka yi gaba abinsu. Mai babur ya kira lambar gaggawa ta 911, ya ce ga wani mutum can da kare yana tafe da bindiga a fili, wai kuma yana cewa doka ta ba shi dama. Matar da ta ɗauki wayar ta ce haka ne, idan yana da lasisin ɗaukar bindiga a ɓoye, amma za ta tura jami'ai. Da mai babur ya ji haka sai jikinsa ya yi sanyi, ya ce in dai ba laifi ba ne, shi bai ga dalilin tayar da 'yan sanda ba. Ita kuwa ta ce ita ba 'yar sanda ba ce, ta dai tura. Saƙon da ya isa kunnen ɗan sandan sintiri gajere ne: wani yana yawo da karensa a titi kaza, da ƙaramar bindiga a fili.

Bayan kamar minti goma ɗan sandan ya cim musu. Ya fito daga mota, ya nemi Northrup ya miƙa wa matarsa igiyar kare, ya miƙa. Daga nan labari ya rabu biyu. Ɗan sandan ya ce Northrup ya zaro wayarsa, sannan ya mayar da hannu wajen da bindigar take, motsin da bai kwanta masa a rai ba. Ya umarce shi ya juya baya ya ɗaga hannuwa, shi kuwa sai tambaya yake yi, me ya kawo ka. Northrup ya ce ba haka aka yi ba. A cewarsa, tun kafin jami'in ya sauko daga mota hannayensa na miƙe a gabansa, yana riƙe da waya don ya ɗauki abin da zai faru, kuma jami'in ya doso shi da hannu a kan tasa bindigar, yana gargaɗin cewa in ya kuskura ya kai hannu ƙugu zai harbe shi. Abin da ba su saɓa a kai ba shi ne ɗan sandan ya matso ya ɓalle kuben ya cire bindigar. Ya nemi lasisin tuƙi, aka ba shi. Ya nemi lasisin bindiga, matar Northrup ta ce ya je ya duba da kansa. Sai ya buga wa Northrup ankwa, ya sa shi a bayan mota, bisa zargin jefa jama'a cikin firgici.

Da ya duba, sai ga shi mutumin yana da lasisin ma. Wani sajan ya iso. Bayan kusan rabin sa'a aka kwance shi, aka ba shi sammaci kan laifin ƙin bayyana kansa ga jami'i, laifin da daga baya hukumar ta janye. Northrup ya garzaya kotun tarayya.

Abin da dokar Ohio ta ce

Ga wanda ya tashi a Najeriya, wannan ƙarar tana da wuyar shiga kai. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin jerin bindigogin da aka haramta wa farar hula sai da izinin shugaban ƙasa, don haka duk wanda aka gani da ita a ƙugu ba kaki a jikinsa, an san da magana. A Ohio abin ya sha bamban. Kundin tsarin mulkin jihar na 1851 ya ce jama'a suna da haƙƙin riƙe makami don kare kansu, kuma tun ƙarni na 19 abin da doka ta sa wa ido shi ne ɓoye makami, don ana ganin mai ɓoyewa shi ne mai mugun nufi. A 2003 kotun ƙolin jihar ta tabbatar da haramcin ɓoye bindiga. A 2004 aka fara bayar da lasisin ɗaukarta a ɓoye. Amma baligin da doka ba ta haramta wa mallakar bindiga ba, in zai rataya ta a fili yana tafiya a ƙafa, ba ya bukatar takarda ko ɗaya. A 2007 kuma wata dokar jiha ta fara aiki, wadda ta hana birane irin su Toledo da Cleveland kafa nasu ƙa'idojin da suka fi na jiha tsauri.

Ke nan matar da ta amsa wayar ta yi kuskure tun a jimlarta ta farko. Ko da Northrup ba shi da lasisi, tafiyarsa halal ce a idon dokar jihar. Wannan kuskuren ba ƙarami ba ne, domin daga ɗakin amsa waya ne ake tantance irin zuwan da ɗan sanda zai yi, da sallama ko da hannu a kan kunamar bindiga.

Mutane da yawa suna zaton shari'ar ta rataya ne kan Gyara na Biyu na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya yi maganar haƙƙin riƙe makami. Ba a nan ta tsaya ba. Kotun farko ta yi watsi da wannan ɓangaren ƙarar, ta bar na Gyara na Huɗu, wanda ya hana hukuma tsare mutum ko cajensa ba da dalili ba. 'Yan sandan suka ɗaukaka ƙara suna neman a lulluɓe su da rigar kariya, wato ƙa'idar da ke hana a kama jami'i da biyan diyya sai in ya take wani haƙƙi da doka ta riga ta fayyace ƙarara. Wannan riga ba ta saurin yagewa a kotunan Amurka. Ƙararraki da dama a kanta suke mutuwa tun kafin a saurari shaida.

Hukuncin Mayun 2015

Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke zama a Cincinnati, wadda ke kula da jihohin Ohio da Michigan da Kentucky da Tennessee, ta yanke hukunci a watan Mayun 2015. Mai shari'a Jeffrey Sutton ne ya rubuta shi a madadin alƙalai uku.

Tushen maganar wata tsohuwar shari'a ce da ita ma a Ohio ta samo asali. A watan Oktoban 1963, wani ɗan sandan ciki a Cleveland, Martin McFadden, ya lura da mutum biyu suna ta kai-kawo a gaban wani kanti, suna leƙawa suna komawa suna ƙus-ƙus. Ya tare su, ya laluba jikinsu, ya sami bindigogi. A 1968 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Terry da Ohio, ta ce abin da ya yi daidai ne: ɗan sanda na iya tsayar da mutum na ɗan lokaci idan yana da zargi mai tushe, wanda zai iya bayyanawa da baki, cewa ana shirin aikata laifi, kuma yana iya lalube shi idan yana da dalilin ganin mutumin na ɗauke da makami kuma yana da haɗari. A lura da abu ɗaya. Laifin da aka ɗaure Terry, ɗaya daga cikin mutanen da aka lalube, a kai shi ne ɓoye bindiga. A zamaninsa, samun bindiga a aljihu shi kansa laifi ne. A lamarin Northrup kuwa bindigar ba ta nuna komai ba face cewa mutum yana yin abin da majalisar jiharsa ta halatta masa.

Lauyoyin ɗan sandan sun kawo hujjoji, kotun ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Suka ce an kira 911. Kotun ta duba abin da mai kiran ya faɗa, ba ta ga laifi a ciki ba: mutum, kare, bindiga a kube. Tun a 2000, a shari'ar Florida da J.L., Kotun Ƙoli ta ƙi yarda a ware bindiga a ce da zarar an ambace ta a waya sharaɗin zargi mai tushe ya faɗi. Suka ce ai jama'a sun firgita. Kotun ta ce laifin jefa mutane cikin firgici yana da sharuɗɗansa a dokar Ohio, kamar yaɗa labarin ƙarya ko yin barazana ko aikata wani laifin daban, kuma tsorata mai babur ɗaya da abin da doka ta yarda da shi ba ya cikinsu. Suka ce ta yiwu tsohon ɗan fursuna ne da aka haramta wa riƙe bindiga, ta yaya jami'i zai sani in bai tsayar da shi ba? A nan kotun ta jingina da hukuncin wata takwararta na 2013, a shari'ar Black daga jihar North Carolina, wadda ta ce inda doka ta halatta riƙe bindiga, ba a fara ɗaukar mai riƙe da ita a matsayin mai laifi. Wannan tunanin ba sabo ba ne. Tun 1979 Kotun Ƙoli ta hana ɗan sanda ya tsayar da direba haka kawai don ya ga ko yana da lasisi, alhali kowa ya san akwai masu tuƙi ba lasisi.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta ƙarshe. Jami'in ya ce zaɓi biyu ne a gabansa: ko ya tsayar da mutumin ya bincike shi, ko ya naɗe hannu yana fatan mutumin ba zai buɗe wuta ba. Kotun ta ce akwai hanya ta uku, kuma ita ce aikin ɗan sanda na yau da kullum. Ba abin da ya hana shi matsowa, ya gaisa, ya yi tambaya, ya sa ido, ya bi su a hankali in ya ga dama. Abin da ba shi da iko a kai shi ne tilastawa: umarni, ƙwace, ankwa. Sutton ya amince cewa dokar ɗaukar bindiga a fili takan jefa 'yan sanda cikin tsaka mai wuya, amma ya ce majalisar Ohio ta riga ta yanke cewa ana iya amince wa 'yan jihar da bindiga a titi, kuma rundunar Toledo ba ta da hurumin soke wannan shawarar ta hanyar tsare duk wanda ta gani da ita.

Kotun ta cire wa ɗan sandan rigar kariya kan tsarewar da kamun, har da ƙorafin cewa ankwar ta matse hannun Northrup, ya koka, aka yi biris da shi. Sajan ɗin da ya zo daga baya ya tsira, don abin da abokin aikinsa ya gaya masa da shi ya yi aiki. Hukuncin bai ce an biya diyya ba, kuma bai tantance wanda ya faɗi gaskiya kan motsin hannun ba. A wannan matakin doka ta wajabta a ɗauki labarin mai ƙara yadda ya bayar, a bar tantancewa ga masu taya alƙali sauraron shaidu.

Akwai iyaka, kuma alƙalin nan da kansa ya shata ta shekara uku kafin nan. A 2012 ya rubuta hukuncin shari'ar Embody, inda wani mutum ya shiga wani gandun shaƙatawa a Tennessee sanye da kaya masu kama da na soja, rataye da bindiga ƙirar AK-47 da aka gajarta, bakinta an shafe shi da fenti ruwan lemo kamar na wasan yara. Jami'in gandun ya tsare shi, kotun ta ce yana da dalili, don akwai shakka ta gaske kan ko irin wannan bindigar ta halatta a wurin. Bambancin a bayyane yake: can akwai abin da ya ƙaru a kan riƙe bindiga, a Toledo babu.

Inda hukuncin bai kai ba

A ganina kotun ta yi daidai, kuma ba sai mutum yana son yawo da bindiga ba kafin ya ga haka. Idan aka bar ɗan sanda ya tsare mutum kan abin da doka ta halatta, to an ba shi ikon zaɓar wanda zai tsare, kuma tarihin Amurka ya nuna a kan wa irin wannan zaɓin yake faɗawa. Wanda dokar ba ta yi masa ba, majalisa zai tunkara.

Amma zalunci ne a yi kamar fargabar jami'in ba ta da tushe. Wata biyar bayan hukuncin, ranar 31 ga Oktoban 2015, wata mata a Colorado Springs ta kira 911 ta ce ta ga maƙwabcinta a waje da doguwar bindiga, yanayinsa bai yi mata ba. Mai amsa wayar ta ambata mata cewa dokar jihar ta yarda da ɗaukar bindiga a fili, ba a kuma sa kiran a sahun farko na gaggawa ba. Jim kaɗan mutumin ya fara harbi, ya kashe mutum uku kafin 'yan sanda su kashe shi. Ranar 7 ga Yulin 2016 a Dallas, lokacin da wani ɗan bindiga ya kashe 'yan sanda biyar a wajen zanga-zanga, akwai masu zanga-zangar da ke rataye da bindigogi bisa doka, har rundunar ta yaɗa hoton ɗaya daga cikinsu a matsayin wanda ake nema, alhali ba ruwansa. Kwanaki bayan haka, da za a yi babban taron jam'iyyar Republican a Cleveland, shugaban ƙungiyar 'yan sandan birnin ya roƙi gwamna John Kasich ya dakatar da dokar ɗaukar bindiga a fili na 'yan kwanaki. Gwamnan ya ce ba shi da wannan ikon. 'Yan majalisa ne suka rubuta dokar, amma wanda ke tsaye a titi da mai zaune a ɗakin waya su ne ke ɗaukar nauyinta. Duk mai kiran a bai wa jama'a bindiga, kamar yadda gwamnatin Zamfara ta yi a watan Yunin 2022 saboda ta'asar 'yan bindiga, wannan tambayar tana jiransa: da me jami'i zai bambance mai kare kansa da mai shirin ɓarna, in duka biyun doka ta yarda su riƙe?

Abin da ya fi ci mini rai kuwa ya faru ne a Ohio ɗin kanta, lokacin da ƙarar Northrup ke gaban kotu. Ranar 5 ga Agustan 2014, John Crawford, baƙar fata ɗan shekara 22, ya shiga kantin Walmart a garin Beavercreek kusa da Dayton. Ya ɗauki wata bindigar iska, irin mai harba 'yan ƙananan ƙwallaye, daga kan kantar kayan sayarwa, ya ci gaba da zagayawa yana hira a waya. Wani mai sayayya ya kira 911 ya ce ga mutum yana nuna wa jama'a bindiga. 'Yan sanda suka shigo, cikin daƙiƙoƙi aka harbe shi, wayar na kunnensa. Hoton kyamarar kantin bai nuna shi yana auna kowa ba, shi ma mai kiran daga baya ya sassauta maganarsa. Ba a gurfanar da jami'in ba. A 2020 garin ya amince ya biya iyalinsa dala miliyan 1.7.

Ranar 22 ga Nuwamban shekarar, a filin wasa na Cudell da ke Cleveland, Tamir Rice, yaro baƙar fata ɗan shekara 12, yana wasa da bindigar roba. Wanda ya kira 911 ya ce yana nuna wa mutane ita, amma ya ƙara da cewa wataƙila ta bogi ce, wataƙila kuma yaro ne. Waɗannan jimloli biyu ba su isa kunnen jami'an da aka tura ba. Motarsu ta tsaya dab da shi, cikin kusan daƙiƙa biyu aka harbe shi, washegari ya cika. Nan ma ba a gurfanar da kowa ba. Birnin ya biya dala miliyan 6 a 2016, matar da ta amsa kiran kuma aka dakatar da ita daga aiki na kwana takwas.

Ta fuskar doka waɗannan biyun sun bambanta da na Toledo, domin masu kiran sun ce ana nuna wa mutane bindiga, wannan kuwa laifi ne a ko'ina. Amma a nan gizo ke saƙar. Tunda bindigar kanta ba laifi ba ce, komai ya koma kan halin mai riƙe da ita, shi kuma halin ta bakin wani firgitaccen baƙo ake jin sa, ya bi ta hannun mai amsa waya, ya isa ga jami'i a taƙaice. A Toledo an yar da janyewar mai babur a hanya. A Cleveland an yar da shakkar mai kira. A Beavercreek an ɗauki ƙarin gishirin mai kira tamkar shaida. Hanya ta uku da kotu ta nuna, ta matsowa da tambaya da sa ido, tana bukatar lokaci, kuma Crawford da Rice ba a ba su ko minti ɗaya ba. Hukuncin 2015 yana amfanar wanda ya rayu ya kai ƙara.

Ko a tsakanin kotunan ma ba a gama daidaitawa ba. A 2017 kotun da ta yanke shari'ar Black, da cikakken zaman alƙalanta, ta ce a shari'ar Robinson idan an tsayar da mutum bisa wani halastaccen dalili, kamar laifin hanya, kuma akwai dalilin zaton yana da bindiga, ana iya lalube shi ko da jihar ta halatta riƙe ta. Wato bindiga ba ta isa dalilin tsayarwa ba, amma in an riga an tsaya ta isa dalilin caje. Shekara ɗaya kafin nan, a Minnesota, Philando Castile, wanda ke da lasisi, ya sanar da ɗan sandan da ya tsayar da motarsa cewa yana ɗauke da bindiga, aka harbe shi a kujerarsa. Kotu ta wanke jami'in a 2017.

Ohio kuwa ta ƙara faɗaɗa dokarta. A watan Maris na 2022 gwamna Mike DeWine ya sa hannu kan dokar da ta ba duk ɗan shekara 21 zuwa sama, wanda ba a haramta wa mallakar bindiga ba, damar ɗaukarta a ɓoye ba lasisi, ba kuma horon sa'a takwas da ake bukata a da. Ƙungiyar 'yan sandan jihar ta yi adawa da ita, amma dokar ta fara aiki ranar 13 ga Yuni. Ta kuma cire wajibcin da ke kan mai bindiga na ya sanar da jami'i nan take idan an tsayar da shi. Yanzu sai in jami'in ya tambaya. Kwana goma bayan haka, a shari'ar Bruen, Kotun Ƙolin Amurka ta ce haƙƙin riƙe ƙaramar bindiga don kare kai bai tsaya a cikin gida ba, ya haɗa da bainar jama'a.